Birkin motata ya riƙa zafi bayan canjin fad da diski, a wannan garejin aka gano ciwon

Na daɗe ina son in rubuta wannan tun ranar da na karɓi motata daga wannan garejin na gyaran birki, amma nace bari in dakata tukuna in yi ta hawa in ɗora mata kaya in ga ko gyaran zai riƙe, don bana son in yabi mutum yau gobe in dawo ina cizon yatsa. Yanzu an haura wata biyu, na yi doguwar tafiya da ita sau uku da lodi, to yanzu kam zan iya magana. Tauraro huɗu na basu cikin biyar, kuma zan faɗi inda ɗayan ya tafi.

Motar a-kori-kura ce, birkin gaba na diski ne, na baya na durom, da ita nake neman na kaina, kusan kullum akwai kaya a bayanta. Fad ɗin gaba, wato abin da ke matse faifan diski in an taka birki, sun cinye har ƙarfe ya fara gugar ƙarfe, diskin ma ya yi zane-zane ya sirance, akwai wata lamba da ake bugawa a jikin diski mai nuna iyakar kaurin da bai kamata ya yi ƙasa da shi ba, to nawa ya riga ya wuce wurin. Sai na sayi sabbi, fad da diski duka ɓangare biyu, na kai wani wuri daban, ba nan ba, aka sa min.

Tun a hanyar komawa na fara jin ƙauri irin na kuloci in ya ƙone. Ban damu sosai ba don na san sabon fad yana ɗan yin wari a kwanakin farko, sabon diski ma yakan zo da wani mai a jikinsa da ake shafa masa don kar ya yi tsatsa a ajiye, in ba a wanke shi da kyau ba zai ɗan yi hayaƙi. Amma kwana biyu kwana uku ƙaurin bai tafi ba sai ma ƙaruwa, kuma daga taya ɗaya yake fitowa, ta gaba ta hannun dama. In na tsaya na kai hannu kusa da rim ɗin tun ban taɓa ba hucin ke dukan tafin hannuna, na hagu kuwa ɗumi ne kawai. Motar ta yi nauyi, in ka ɗaga ƙafa daga totur maimakon ta ci gaba da gangarawa a hankali sai kaji kamar wani ya riƙe ta ta baya, mai ya fara tafiya fiye da yadda na saba, ga baƙar ƙura ta rufe rim ɗin dama shi kaɗai. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne sitiyari, ina tafiya tana jan dama, amma in tafiyar ta yi nisa na taka birki sai ta fizgi hagu. Da safe kuma in ta kwana ta huce lafiya lau, ko da hannu ka tura ta za ta tafi.

Sau uku ina komawa inda aka sa min. Karon farko akace sabo ne zai zauna, in ci gaba da hawa. Karo na biyu akace fad ɗin ne jabu in sayo wani, na sayo aka sa, ko kilomita ashirin ban yi ba ƙaurin ya dawo. Karo na uku akace kalifa ce ta mutu, wato ƙarfen da ke riƙe fad yana matse shi a jikin diski, a canja ta gaba ɗaya. Abin da ya dame ni ba kuɗin ba ne kaɗai, duk zuwan nan uku babu wanda ya gwada komai, ana dai kallon tayar a faɗi sunan wani abu a ce shi ne.

Ina cikin neman kalifar ne abin ya so ya zama wani abu daban. Na ɗauko kaya, ga wata gangara mai tsawo, Allah Ya sa dama na saba sauka da ƙaramar giya, can wajen tsakiya na taka birki naji fedar ta tafi ƙasa lumus kamar na taka soso. Wallahi gabana ya faɗi. Na yi ta bugawa da sauri sau uku sau huɗu ta ɗan kama, na rage giya, a hankali a hankali har na samu na gangara gefen titi. Ina fitowa hayaƙi na tashi daga tayar dama. Na ɗauko jarkar ruwa zan watsa, wani direban babbar mota da ya tsaya ganin abin ya riƙe hannuna yace kar ka soma, ƙarfe mai wannan zafin in ka watsa masa ruwan sanyi zai iya lanƙwashewa ko ya tsage, bar shi ya huce da kansa. Mun zauna kusan awa ɗaya, shi ne ya kwatanta min wannan garejin yace birki kawai suke yi da abin da ya shafi ƙafar mota, in je in gwada.

Abu na farko da ya burge ni a wurin shi ne ogan bai taɓa sufana ba sai da ya gama yi min tambayoyi. Na fara ce masa Oga kalifa ce akace, in akwai mai kyau a sa min kawai, yace Malam bari tukuna, wa ya gwada ya ce kalifa ce? Nace babu. Yace to zauna. Taya ɗaya ke zafi ko duka biyun na gaba? Tun kafin a canja fad tana yi ko sai bayan an canja? In ta huce tana sakewa? An ƙara man birki a 'yan watannin nan? Lokacin da ake aikin kana wurin, kuma da suka cire kalifar ina suka ajiye ta? Wannan ta ƙarshen sai da na yi shiru na tuna, na ga hoton abin a idona, kalifar tana reto a jikin tiyon robar nan nata, babu abin da ya tallafe ta, tsawon lokacin da suke fama da cire tsohon diskin da ya kafe. Na faɗa masa, bai ce komai ba, kai kawai ya gyaɗa. Kuma har na bar wurin bai zagi waɗancan ba ko sau ɗaya, wannan ma ina ganin hali ne mai kyau.

Ya bayyana min dalilin tambayar farko. Yace in duka tayoyin gaba ne ke zafi tare, hankali ya fara tafiya sama wajen feda da masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, wataƙila fedar bata dawowa har ƙarshe, ko sandar da ke tura mastan an ɗaure ta ta yi tsawo, ko ɗan ramin da mai ke bi ya koma tanki ya toshe. In kuwa taya ɗaya ce to ciwon yana kusa da ita, ko dai ƙarfe ne ya kafe ko kuma mai ne ya shiga ya kasa fita. Maganar jan dama da fizgar hagu ma ya warware min ita a take, yace tayar da ke riƙe ita ke jan motar wajenta kana tafiya, amma in ta yi zafi sosai fad ɗinta ya daina kamawa yadda ya kamata, kana taka birki ta hagu mai sanyi ce ke aiki da ƙarfi, shi ya sa motar ke juyawa can.

Daga nan muka shiga motar tare, shi ke tuƙi, muka yi kamar kilomita goma yana taka birki jefi-jefi ba da ƙarfi ba. Muna dawowa ya ɗauko na'urar nan mai kama da ƙaramar bindiga da ake auna zafi daga nesa, ya haska diskin hagu ya nuna min, digiri 80 da wani abu, ya zagaya dama ya haska daidai irin wurin, ya haura 240. Yace kar in riƙe lambar kanta da ƙarfi don ƙarfe mai sheƙi yana ruɗin irin wannan na'urar ta nuna ƙasa da gaskiya, abin dubawa shi ne bambancin hagu da dama, tayoyi biyu a gatari ɗaya masu ɗaukar nauyi ɗaya bai kamata su yi nisa da juna haka ba.

To ga gwajin da ya sa nake wannan dogon rubutun, don ko minti goma bai ɗauka ba kuma shi ya raba gardama. Aka ɗaga gaban motar duka biyu aka sa mata madogara, ba a bar ta a kan jak kaɗai ba. Ya sa yaronsa ya shiga ya taka birki da ƙarfi kamar sau goma ya saki. Ya juya tayar hagu da hannu ɗaya ta yi ta juyawa, sai ɗan sautin gugar fad kaɗan wanda dama haka yake. Ya zo dama, da hannu biyu ma da ƙyar ta motsa. Sai ya cire tayar, ya sa ƙaramar sufana a ɗan nifil ɗin nan na jikin kalifa da ake fitar da iska ta wurinsa, yace Malam kalli nan da kyau. Yana buɗewa mai ya yi tsartuwa fit, alhali babu ƙafar kowa a kan feda, kuma nan take diskin ya sake, ya juya shi da yatsu biyu.

Yace ka gani? Da fistin ɗin cikin kalifa mai tura fad ne ya kafe da tsatsa, ko fil ɗin da kalifa ke zamewa a kai, ko fad ne ya matse a mazauninsa, da ko na buɗe nan har gobe ba zai sake ba, don ƙarfe ne ke riƙe da ƙarfe. Tunda buɗewar ta sake shi, mai ne ya maƙale a ciki da ƙarfinsa. Saura mu san a ina ya maƙale. Ya rufe nifil ɗin, aka sake bugun feda har ta sake kamewa, wannan karon sai ya tafi sama inda bututun ƙarfe ya haɗu da tiyon roba, ya sassauta notin wurin. Mai ya ɗan ɗiga amma diskin yana nan a kame ƙam. Yace shikenan, daga nan zuwa sama babu matsala, masta lafiya, bututu lafiya, tsakanin wannan notin da kalifa abu ɗaya ne kawai, tiyo.

Ni dai har lokacin ban gamsu ba don tiyon a ido ba abin da ya same shi, bai tsage ba bai kumbura ba baya yoyo. Nace Oga wannan fa lafiyarsa ƙalau. Bai yi musu da ni ba, da ya cire shi sai ya sa wuƙa ya tsaga shi a tsaye ya miƙo min. Ashe tiyon birki hawa-hawa ne, akwai robar ciki da mai ke bi, akwai saƙar zare a tsakiya, sannan robar waje. Ta cikin ce ta ɓare kusa da bakin ƙarfen ta yi kamar ɗan harshe. Yace in ka taka feda ƙarfin da ke tura man yana da yawa ƙwarai, zai ture wannan harshen ya wuce, amma wajen dawowa babu wani abu mai ƙarfi da ke turo shi. A birkin diski babu sifirin da ke janye fad kamar na durom, wata 'yar roba ce mai kusurwa huɗu da ta zagaye fistin, in fistin ya fita tana ɗan lanƙwasa, in ka saki feda ta miƙe ta ja shi baya ɗan kaɗan wanda ko milimita ɗaya bai kai ba. Wannan ɗan jan shi ne duk abin da ke raba fad da diski. To in hanyar komawa ta toshe ina 'yar robar nan za ta iya? Sai man ya zauna, fad ya ci gaba da gugar diski, zafi ya taso, man ya ƙara buɗewa saboda zafin ya ƙara matse fad ɗin, haka abin ke ciyar da kansa. In mota ta kwana man ya sulale a hankali ya koma, shi ya sa da safe nake ganin kamar ta warke.

Gaskiya a nan na ji wani iri, don da na sayi kalifar nan aka sa a kan wannan tiyon, da abin da zai faru kenan, sabuwar kalifa ta kame kamar tsohuwar, sannan a ce min kuma masta ce. Tiyon tsoho ne tun na asalin motar, roba kuma tana gajiya da shekaru, nauyin kalifar da aka bari tana reto a jikinsa shi ya ƙarasa shi. Yace wasu ma matse tiyon suke da filaya wai don kar mai ya zuba, wannan ma yana kashe shi ta ciki. Waya kawai ake samu ko ƙugiya a rataye kalifar a jikin sifirin, shikenan.

Bai tsaya nan ba kuma, yace tunda an buɗe bari a duba sauran don ruwa baya tsami banza, kuma ba lallai dalili ɗaya ne kaɗai ba. Ya zaro fil biyun da kalifar ke zamewa a kansu, na sama ya fito sumul, na ƙasa sai da ya murɗa shi da ƙarfi. Baƙin giris na gama-gari aka shafa masa, irin wanda ake sa wa boris ɗin da taya ke juyawa a kai, robar da ke bakin fil ɗin ta sha shi ta kumbura. Yace robobin birki basa shiri da duk wani mai ko giris da aka yi daga fetur, akwai nasu na musamman mai silikon wanda baya cin roba kuma yana jure zafi. Ya wanke ramukan tas ya canja robobin. Sannan ya cire 'yan ƙarafan nan masu sheƙi da kunnuwan fad ke zama a kai, ƙarƙashinsu duk tsatsa ce ta taru ta ɗago su, shi ya sa fad ɗin sai da aka buga shi da guduma ya shiga, ni kuma na ga lokacin da aka buga ɗin na ɗauka haka ake yi. Ya kankare wurin da burushin ƙarfe da magagari har farin ƙarfe ya fito, ya maida, ya nuna min yadda fad ya kamata ya zame da turin yatsa kawai, ba ya girgiza kuma ba ya cijewa. Fistin ɗin kuwa da ya tura shi baya nifil a buɗe ya koma salin-alin, robar da ke kare shi daga ƙura bata ƙone ba bata yage ba, yace kalifarka lafiyarta lau, kar ka sayi komai.

Tankin man birki ma ya cika har baki ya wuce layin sama. Nan laifina ne, watanni kafin nan na ga man ya yi ƙasa na ƙara, ban san cewa in fad yana cinyewa fistin yana ƙara fitowa man yana binsa ba, wato saukar man alama ce ta fad ya kusa ƙarewa. Da aka sa sabon fad aka tura fistin baya duk man nan ya dawo tanki ya haɗu da wanda na ƙara. Yace ba shi ne babban dalilin nawa ba amma yana iya jawo irin wannan riƙon in man ya yi zafi ya rasa inda zai buɗe.

Man kansa ya yi baƙi, yace dole a zubar da shi duka, a nan ne na tambaye shi abin da ya faru da ni a gangara. Yace tafasa man ya yi. Ruwa-ruwa baya matsuwa shi ya sa birki ke aiki, amma in ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, sai feda ta tafi ƙasa babu komai. Daga baya na je na karanta da kaina don in tabbatar, man birki nau'in DOT 3 sabo mafi ƙarancin inda zai tafasa digiri 205 ne, DOT 4 kuma 230, amma irin wannan man yana jan danshi daga iska a hankali, in ya sha ruwa lambar tana iya saukowa zuwa 140 a DOT 3 da 155 a DOT 4. Ka haɗa wannan da diskin da ya haura 240 a tafiyar kilomita goma ba kaya, ka ga abin da ya same ni ba abin mamaki ba ne. Ya duba murfin tankin ya sa irin wanda aka rubuta a kai, daga sabuwar roba da aka buɗe a gabana, ya kuma gargaɗe ni kar in taɓa yarda a zuba min DOT 5 don ganin lambarsa ta fi girma, shi na silikon ne baya haɗuwa da waɗannan.

Tiyon kuma duka biyun ya canja, hagu da dama, yace shekarunsu ɗaya wahalarsu ɗaya. Fad ɗin dama ya ƙone fuskarsa ta yi sheƙi kamar gilashi gefensa har ya fara farfashewa, shi ma aka canja duka ɓangare biyun don ba a canja na taya ɗaya a bar ɗaya.

Inda muka ɗan yi ja-in-ja shi ne diski. Na dama ya yi shuɗi-shuɗi a wurare, ni ina ganin a jefar da shi kawai tunda ƙarfe baya yin wannan launin sai ya kai wajen digiri 300. Shi kuma yace bari a auna kafin a yanke hukunci. Ya cire shi ya duba ko akwai tsaga, babu. Ya kankare fuskar hob ɗin da diskin ke zama a kai, wadda ita ma ba a goge ta ba wancan karon, tsatsa ce ɓaro-ɓaro, yace ɗan ƙwayar tsatsa a nan ya isa ya sa diski ya zauna a karkace. Ya maida ya ɗaure, ya kafa wani agogo mai allura ya juya diskin a hankali, allurar ta yi motsi kaɗan, yace a motoci da yawa iyakar da ake yarda da ita wajen 0.05 na milimita ce, nawa yana ciki. Ya goge fuskar da samfefa yace a bar shi, in na fara jin feda tana rawa ko sitiyari na karkarwa in na taka birki a guje in dawo a canja biyun. Zuwa yanzu ban ji ba. Har yau dai raina bai gama kwanciya da diskin nan ba, amma na yarda mutumin da zai iya sayar min da sabo ya ce in riƙe kuɗina ba cuta ta yake nema ba.

Yanzu ga inda tauraro ɗaya ya tafi, kuma ina fata masu wurin za su karanta su gyara don wurin ya cancanci ya fi haka. Ance min awa biyu, na wuni. Tiyon babu shi a wurin sai da aka aika, wanda aka fara kawowa bakinsa bai yi daidai ba aka sake komawa, duk wannan ba laifi ba ne amma babu wanda ya zo ya ce min ga halin da ake ciki, sai ni ke tashi ina tambaya. Na biyu kuma wanda ya fi damuna, maganar boris. Tayar da ta yi irin wannan zafin kwana da kwanaki, giris ɗin boris ɗinta ma ya sha wuta, ina tsammanin cikin abubuwan farko da za a duba kenan, amma har yaron ya ɗauko taya zai maida ba a taɓa wurin ba sai da ni na tambaya. Ogan ya amsa cewa gaskiya ne ya sha'afa, aka buɗe, giris ɗin ya yi ruwa ya yi baƙi, boris ɗin dai bai lalace ba aka wanke aka sa sabon giris aka daidaita ɗaurinsa. Na ji daɗin da bai kare kansa ba, amma da ni ban san in tambaya ba fa? Na uku, yaron ya fara ɗaure notocin taya da bindigar iska yana bi a jere, sai da ogan ya hango ya daka masa tsawa ya sa ya sassauta ya sake ɗaurewa a gicciye da sufana mai auna ƙarfi. An gyara a gabana, amma yana nuna in ogan baya kusa aikin zai iya bambanta, don haka duk mai zuwa ya nemi shi ogan ya tsaya a kan motarsa. Takardar da suka bani ma jimla kawai aka rubuta, sai da na roƙa aka rubuta min abin da aka canja ɗaya bayan ɗaya.

Bayan an gama fitar da iska feda ta yi tauri, bai miƙo min makulli ya ce sai anjima ba, yace mu je a zaunar da fad ɗin. Muka samu hanya mara cunkoso, ya kai gudun kamar 60 ya taka birki da matsakaicin ƙarfi har ta sauko wajen 10 ba tare da ta tsaya cak ba, ya sake hawa, haka kusan sau takwas, sannan ya yi tafiyar wasu mintuna ba ya taɓa birki don iska ta sanyaya su. Yace dalilin shi ne fad ya shafa siririn jikinsa a fuskar diski daidai wa daida, in ka tsaya cak ka danne feda alhali suna da zafi sai ya bar tambarinsa a wuri ɗaya, daga nan rawar feda ke farawa. Da muka dawo ya sake haskawa, hagu da dama bambancinsu bai kai digiri 10 ba. Ya sake ɗaga motar, aka buga feda sau goma, ya ce in juya tayar dama da kaina. Da hannu ɗaya na juya ta.

Satin da ya wuce na bi ta gangarar nan da kaya fiye da na ranar, da ƙaramar giya kamar kullum, feda tana nan a inda take tun daga sama har ƙasa. Na sayi irin na'urar auna zafin tawa na ajiye a mota, da na sauka na tsaya na haska, hagu 130 dama 136. Birkin hannu ya fara yin sama da yawa, wata mai zuwa insha Allah nan zan kawo ta a duba durom ɗin baya, kuma zan kira tun da wuri su tanadi kayan kafin in iso.